Ku Tambaya Mu Amsa: Ɓeraye, Bakteriya da Amosanin Gaɓɓai

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan karon na yi wata 'yar magana a gurguje cewa yawancin magungunan amosanin gaɓɓai na zamani a jikin ɓera aka fara gane amfaninsu, ashe na taɓo inda yake wa mutane ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa. Na zaɓi shida. Abu ɗaya kafin mu fara, a lab iri biyu ake amfani da su, akwai ƙananan ɓeraye akwai manya, kuma ba halitta ɗaya ba ce duk da mu sunansu ɗaya a bakinmu, don haka in na ce ƙanana ko manya ku gane.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce, sufabaiza na ya ba ni furojet a kan yadda garkuwar jiki ke tunkarar bakteriya a dabbobin da ke da amosanin gaɓɓai mai daɗewa, wallahi kaina ya kulle tun a layin farko. Wai ta yaya ma ɓera yake samun wannan ciwon? Jira ake ya tsufa ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina, wa zai jira, sa masa ake yi, kuma abin da zai ba ki mamaki bakteriya tana cikin labarin tun ranar farko. A 1956 wani likita a Amurka, Carl Pearson, ya yi wa manyan ɓeraye allurar wani haɗi da ake kira da sunan masanin da ya ƙirƙiro shi, Jules Freund, haɗin nan ba komai ba ne illa man farafin da aka zuba wa ƙwayoyin tarin fuka waɗanda aka riga aka kashe da zafi. Matattu fa, ba sa haihuwa ba sa motsi. Amma bayan kwana goma zuwa sati biyu sai ga ƙafafun ɓerayen sun kumbura sun yi ja, har gaɓoɓin da allurar ba ta je kusa da su ba. To wa ya yi ɓarnar tunda bakteriyar gawa ce? Sojojin jikin ɓeran ne da kansu, wato ƙwayoyin garkuwar jikinsa, sun ga gawar maƙiyi sun harzuƙa, sun rasa inda za su sauke fushin sai a gida.

A 1977 David Trentham da abokan aikinsa suka zo da wata hanyar, suka ɗauko kolajin nau'i na biyu, wato sinadarin da guringuntsi ke ginuwa da shi, suka cakuɗa da irin wancan man suka yi wa manyan ɓeraye allura, sai garkuwar jiki ta koyi ganin guringuntsin gidanta a matsayin baƙo. A 1980 aka yi nasarar yin haka a ƙananan ɓeraye, kuma har yau ita ce hanyar da za ki fi cin karo da ita a takardu, yawanci da wani iri da ake ce wa DBA/1. Na taɓa tsayawa ina kallon ana haɗa allurar nan a wani lab, aiki ne na haƙuri, a kan ƙanƙara ake yi don zafi na lalata kolajin, ana ta tura ruwan tsakanin sirinji biyu har sai ya yi fari ya yi kauri, sannan a ɗiga ɗigo ɗaya a kan ruwa, in ya baje to bai yi ba a koma, in ya tsaya cur a dunƙule to ya haɗu. Sai a yi wa ɓeran a gindin wutsiya, sau da yawa a ƙara masa a rana ta 21. Daga nan kullum sai an ɗaga shi an duba ƙafafu huɗun, kowace a ba ta maki daga 0 zuwa 4, yatsa ɗaya ya yi ja maki ɗaya, ƙafa duka ta kumbura ta sandare maki huɗu, jimla 16.

Wadda ta fi dacewa da furojet ɗinki a ganina ita ce ta William Cromartie, ita ma 1977. Shi ɓawon jikin bakteriyar Streptococcus ya farfasa ya yi wa manyan ɓeraye allura ɗaya tak a ciki. Cikin 'yan kwanaki gaɓoɓi suka kumbura, sai abin ya lafa kamar an warke, bayan 'yan makonni kuma ya dawo da ƙarfi ya zauna wata da watanni yana cin ƙashi. Dalili shi ne ɓawon nan jiki ba ya iya narkar da shi da sauƙi, gutsattsarinsa na maƙalewa a gaɓa, sojoji kuma kullum suna ganinsa. Kuma gaɓar da ta taɓa kumbura da shi, in aka sake sa wa dabbar wani ɗan guntun bakteriya ta jini, ko ba irin na farko ba, ita ce za ta fara tashi. Wannan lafawa da tashi ai shi masu ciwon ke ba da labari. Akwai kuma ɓerayen da aka taɓa ƙwayoyin gadonsu suna kamuwa da kansu, kamar na George Kollias a Girka a 1991, zan dawo kansu a ƙasa.

Tambaya: Malam na ji kana cewa bakteriya na da hannu. To kenan amosanin gaɓɓai kamuwa ake yi kamar taifot? In haka ne me ya hana a ba mutum antibayotik a wuce wurin?

Amsa: Ɗan'uwa da abin ya zo da sauƙi haka da tuni an huta. In ka zuƙo ruwan gaɓar mai irin amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa ka shuka a lab, ba abin da zai tsiro. Ba a cikin gaɓar bakteriyar take ba, daga nesa take zuga. An gane haka ne da wasu ɓeraye da ake rainonsu a cikin tantin roba a rufe ruf, iska a tace, abinci a dafa shi da tururi, tun haihuwa ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu har cikin hanji. A 1990 masana a Texas suka dasa wa manyan ɓeraye wata ƙwayar gado ta ɗan Adam mai suna HLA-B27, wadda aka san tana da alaƙa da ciwon da ke sandarar da ƙashin baya, ɓerayen suka kamu da kumburin hanji da na gaɓɓai. A 1994 Joel Taurog ya ba da rahoton cewa in aka raini irinsu a tantin nan, ba kumburin hanji ba na gaɓa. Gadon na nan, amma sai da bakteriyar hanji yake tashi.

A 2010 aka ƙara matsawa, a lab ɗin Diane Mathis da Christophe Benoist a Harvard. Suna da wasu ƙananan ɓeraye, K/BxN, masu kamuwa da kansu, a tanti ciwon nasu ya yi sanyi sosai, sai aka ba su nau'in bakteriya ɗaya rak, wata mai kama da zare da ke manne wa bangon ƙaramin hanji, cikin ƙanƙanin lokaci ƙafafu suka kumbura. Abin da take yi shi ne tana sa hanji ya yawaita wasu sojoji da ake kira Th17, su kuma su taimaka a ƙera antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, masu kai wa gaɓa hari. Sai dai kar ka ce shikenan a share hanji, tun 1979 masana a Japan sun ga akasin haka da hanyar Pearson, wani irin manyan ɓeraye da ba su da bakteriya su suka fi jin jiki, masu ita suka fi samun sauƙi. Wato wata na hura wuta wata na yayyafa ruwa, antibayotik kuma ba ta tambaya kafin ta kashe.

Dasashi ma yana ciki. Bakteriyar ciwon dasashi, Porphyromonas gingivalis, tana da wani sinadari da ke canza kamannin furotin na jiki har garkuwa ta kasa gane nata, kuma an nuna tana tsananta ciwon a ɓerayen kolajin. Ni dai abin da na ɗauka daga nan mai wannan ciwo ya kula da haƙoransa, amma ya sayi antibayotik da kansa wai don gaɓɓai, a'a.

Tambaya: Malam barka da aiki. Shekara shida ina fama da wannan ciwo, yatsuna har sun fara karkacewa, magungunan sha sun gaza, yanzu likita ya ce zai sa ni a wata allura amma wai sai na yi hoton ƙirji da gwajin tibi tukunna. Ni ba na tari, ko ɓata min lokaci kawai ake?

Amsa: Hajiya sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ki yi gwajin, likitanki ya san abin da yake yi, kuma tambayarki ita ce zuciyar maganar yau don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Akwai wani sinadari a jiki da ake kira TNF, ki ɗauke shi kamar mai shela, in maƙiyi ya shigo shi ke kwarmato sojoji su taru. A gaɓar mai amosani mai shelar nan ya ƙi yin shiru, dare da rana yana kira, sojoji na zuwa ba maƙiyi sai su hau guringuntsi da ƙashi. Ɓerayen Kollias da na ambata, abin da aka yi musu kawai shi ne aka sa jikinsu yana fitar da TNF na ɗan Adam fiye da kima, wannan kaɗai ya ishe su gurgunta. A 1992 a Landan, Richard Williams da Marc Feldmann da Ravinder Maini suka ba ɓerayen kolajin antibodi mai toshe bakin TNF, kumburi ya sauka, cin gaɓa ya ragu, har a waɗanda ciwon ya riga ya kama. Ba a daɗe ba suka gwada a marasa lafiya da maganin da yanzu ake kira infliximab, mutanen da ba sa iya ɓalle maɓallin riga suka samu sauƙin da ba su taɓa gani ba. Irin allurar da ake son sa ki kenan ko 'yar'uwarta.

To amma ana wata ga wata. A daidai waɗannan shekarun wasu masu binciken, su ba ruwansu da gaɓɓai, suna nazarin yadda ɓera ke yaƙar bakteriya. A 1993 aka nuna ƙananan ɓerayen da aka cire musu abin jin kiran TNF, 'yar bakteriyar Listeria kaɗan wadda lafiyayyen ɓera zai kakkaɓe, su kashe su take yi. A 1995 JoAnne Flynn ta nuna haka da ƙwayar tarin fuka, wato tibi, ba TNF ɓera ba ya kai labari. Abin da ke faruwa shi ne jiki sau da yawa ba ya iya kashe ƙwayar tibi duka, sai ya yi mata ƙawanya, sojoji su kewaye ta su yi wani ɗan ƙulli a huhu su tsare ta a ciki, shekara ashirin talatin tana nan a ɗaure mutum na harkokinsa ba tari ba zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar. Kuma wanda ke riƙe da ƙawanyar nan kar ta warware shi ne TNF ɗin nan dai da ke cin gaɓoɓinki. Kin ga gaba kura baya sayaki.

Abin da ɓera ya faɗa sai ga shi a mutane. A 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tibi ya tasar musu daga cikin kimanin 147,000 da aka ba infliximab, yawanci a 'yan watannin farko, kuma da yawansu ba a huhu kaɗai ya tsaya ba ya bazu wasu sassan jiki. Ni a ra'ayina an yi jinkirin haɗa labaran biyu, masu gaɓɓai na karanta nasu masu tibi na karanta nasu. Tun daga nan dai ya zama ƙa'ida a duba mutum kafin a fara, in an ga alamar ƙwayar na kwance a fara ba shi maganin kashe ta, sannan a shiga allurar. Ba wai za a hana ki ba ne, gudun kar garin neman gira a rasa ido. Kuma bayan kin fara, zazzaɓi ko gumin dare ko rama, kar ki ce bari in gani zuwa jibi, ki kira likitan.

Tambaya: Mahaifina ya daɗe da ciwon gaɓɓai, rannan gwiwarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi, muka ɗauka tashin da ya saba ne, da muka je asibiti aka zuƙo ruwa kamar mugunya aka ce bakteriya ta shiga. An kashe ta da allurai amma gwiwar ba ta koma daidai ba. Me ya sa?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Wannan wani ciwon ne daban da ya hau kan na da, a nan bakteriya mai rai ce a cikin gaɓar, kuma wadda ta fi yin wannan aika-aika ita ce Staphylococcus aureus, mai kawo maruru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaɓar da amosani ya riga ya ci tana da jijiyoyin jini barkatai ga guringuntsi a kwarzane inda bakteriya ke samun abin kamawa, ga kuma magungunan da ke danne garkuwa.

Mafi yawan abin da aka sani a kan wannan daga Gothenburg ta ƙasar Suwidin ya fito, wajen Andrzej Tarkowski da Tomas Bremell. Labarin ma da ban sha'awa, wasu ɓerayensu ne suka fara kumburin ƙafa haka kawai, da aka bincika aka samu bakteriyar, suka ware ta suka sa mata suna LS-1, a farkon shekarun 1990 suka nuna in aka sa ta a jinin ƙananan ɓeraye da kanta take neman gaɓa, kamar yadda take yi a mutum. Daga nan suka shiga cire sojoji ɗaya bayan ɗaya su ga me zai faru. Da suka cire fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isa fagen fama, masu zama mugunya in sun mutu, ɓerayen cikin 'yan kwanaki suka mace, bakteriya ta mamaye jini. Da suka rage wasu manyan masu haɗiye ƙwayoyin cuta da ake kira makrofaj, sai gaɓoɓi suka yi kyau, ɓarna ta ragu, amma bakteriya ta taru a ƙoda kuma mutuwa ta ƙaru. Da suka gwada ɓerayen da ba su da TNF da wani ɗan'uwansa, haka dai, gaɓa ta samu sauƙi rai ya tafi. Ka ga sojan da ke ceton ran shi ne dai ke rushe gwiwar.

Sannan ga amsar tambayarka kai tsaye. A 1999 su ɗin dai suka nuna ko DNA ɗin bakteriya kaɗai, wato sinadarin gadonta, aka sa a gwiwar ɓera, ba rai ba komai, sai ta kumbura. To antibayotik na kashewa amma ba ta kwashe gawa, tarkacen na nan sojoji na ta faɗa da shi, guringuntsi kuma in ya tafi ba ya dawowa kamar fata. Shi ya sa likitoci ke zuƙe ruwan ko su wanke gaɓar, ba allura kaɗai ba. A ɓerayen an ga haɗa antibayotik da maganin danne kumburi ya fi antibayotik ita kaɗai, amma wannan hukuncin likita ne, in aka ba da na danne kumburin shi kaɗai an buɗe wa bakteriya ƙofa. Ga sauran masu karatu, gaɓa ɗaya ta yi zafi ta kumbura farat ɗaya har ba a iya motsa ta, da zazzaɓi ko babu, asibiti a ranar, don kwanaki kaɗan sun isa a yi asarar gaɓar.

Tambaya: Ni fa Malam ban yarda da wannan harkar ba, ɓera ɓera ne mutum mutum ne.

Amsa: Kana da rabin gaskiya, kuma rabin mai nauyi ne. Alluran rigakafin Staphylococcus da dama sun kare ɓeraye tsaf, da aka zo kan mutane suka faɗi, na kamfanin Merck an dakatar da gwajinsa a 2011, har yau babu ko ɗaya da aka amince da shi. Wani dalilin shi ne wasu dafin bakteriyar da ke farfasa fararen ƙwayoyin jinin mutum da na zomo, na ɓera ko a jikinsu. Toshe IL-17, wani mai shelar da sojojin Th17 ke fitarwa, ya yi abin mamaki a ɓeraye, a irin amosanin Hajiya bai taka kara ya karya ba, sai a mai sandarar da baya da wanda ke tafe da ciwon fata ya yi aiki. A ɓerayen kolajin maza sun fi kamuwa, a mutane mata sun ninka maza biyu zuwa uku. Ga kuma tsabta, ɓeran lab bai taɓa haɗuwa da cutar kirki ba, a 2016 masana a Minnesota suka haɗa su keji ɗaya da ɓerayen shagon sayar da dabbobi, waɗanda suka tsira garkuwarsu ta koma kama da ta babban mutum, alhali da ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa.

Amma akwai tambayar da a ɓera kaɗai za ka iya yi. Ɗauki ciwon Lyme, wanda aka gano a garin Lyme na jihar Connecticut a tsakiyar shekarun 1970 da yara suka yi ta kumburin gwiwa, daga baya Willy Burgdorfer ya gano bakteriyar a cikin kaska. Ka sa ta a irin ɓeran da ake kira C3H ƙafa ta kumbura sosai, ka sa ta a C57BL/6 da kyar ka ga alama, alhali yawan bakteriyar a gaɓoɓinsu kusan ɗaya ne. Keji iri ɗaya, abinci ɗaya, cuta ɗaya, bambancin martanin jiki ne kawai. A mutane ta ina za ka daidaita komai haka?

Tambaya: Don Allah dabbobin nan ba sa shan wahala kuwa?

Amsa: Suna sha 'yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba, ƙafar da ta kai maki huɗu ciwo ne na gaske. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi, in akwai hanyar da ba dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, sannan a sassauta wahalar. Kafin a fara sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma a rubuce ake sa iyaka, ɓeran da ya rame ya kai wani mizani, sau da yawa in ya rasa kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya kasa cin abinci, ba a jira ƙarshen gwaji, ana kashe shi ta hanyar da ba zai sha azaba ba. Maganin ciwo ne ke ba da matsala, don irin su ibuprofen suna taɓa kumburin da ake son aunawa, sai a koma wa wasu irin buprenorphine. Ana ƙara musu shimfiɗa mai laushi, kuma da yake abincinsu a saman keji yake sai sun miƙe a ƙafafun baya suke kaiwa, in ƙafafun sun kumbura jiƙa shi ake yi a ajiye musu a ƙasa kusa da inda suke kwanciya.